Sunan Da Ba A Kira A Gidanmu

An ce ba ya yiwuwa. An faɗa a gabana, ina zaune a kujerar da aka ware wa dattawa, kamar tsufa ya toshe mini kunne. Aka ce yaron da ya riga ya shiga motar 'yan daba a ƙasar nan, ya zauna a kujerar baya suka zaga gari da shi, ba a sake fito da shi da magana. Sai dai a sa shi a jirgi a mayar da shi gida, ko kuwa a zauna jiran ranar da 'yan sanda za su bugo waya. Wani ya ƙara da cewa yaran da aka haifa a nan ba su da kunnen jin babba, tun a asibiti ake cire musu shi. Aka yi dariya. Yaron da ake wa dariyar jikana ne, kuma sunana aka sa masa.

Na yi aikin koyarwa a Zariya har na kai shugaban makaranta, na kuma yi ritaya da mutuncina. Bayan rasuwar mai ɗakina, ɗana ya matsa mini in zo garin Greensboro, nan ƙetaren teku, in zauna tare da su. Yana kula da ma'aikata a wani katafaren sito a bayan titin Wendover, inda manyan motoci ke shiga da fita ba hutu. Gidansu na haya ne, a hawa na biyu, cikin jerin benaye masu kama ɗaya, da filin ajiye motoci a tsakiya. Shi ne da matarsa da 'ya'ya uku: namiji babba, mai shekara goma sha biyar a lokacin, sai 'yan mata biyu ƙanana.

Mai karatu ya san al'adar, amma zan faɗe ta yadda take a gidanmu. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari. Ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya yabonsa, ba ya zama su yi hira. Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Ni ma haka na yi da ɗana, kuma har yau ban ga aibin abin ba, domin a gidan da ya tashi akwai kakarsa da ke ɓoye masa ƙosai a ƙarƙashin faifai, akwai ƙanena da ke ɗora shi a keke ya kai shi kallon ƙwallo, akwai gwaggonnin da ke masa kirari tun daga zaure idan ya dawo makaranta. Abin da uba ya riƙe, gida guda ne ke zuba wa yaro shi har ya yi masa yawa. Bai taɓa samun dalilin tambayar ko ana son sa ba.

Ɗana ya ɗauko kunyar ya ƙetare teku da ita, ya bar gidan a Zariya. Ga shi kuma yaron takwarana ne, nauyin ya zama biyu, tunda kiran sunansa kiran sunan mahaifi ne. Na tarar da abin da ya tayar mini da hankali tun makon farko. Ɗana zai dawo daga aiki, 'yan matan su ruga su rungume shi, ya ɗaga ƙaramar sama yana kiran sunanta da waƙa. Babban yana zaune a gefe da waya a hannu. Idan akwai magana, sai uban ya dubi bango ya ce, "Ku gaya wa wancan ya rage ƙarar talabijin." Uwar kuwa, na fahimci da tana ce masa Abba a hankali idan suna kicin. Da na zo, don girmama ni, har wannan ta daina. Wato zuwana ya ƙwace wa yaron ɗan abin da ya rage masa, kuma babu wanda ya ga ya dace a gaya mini.

A filin ajiye motoci kuwa akwai masu kiran sunan. Wata baƙar mota ce mai baƙin gilashi ke tsayawa kusa da inda ake zuba shara, da samari uku ko huɗu a jikinta. Ba dodanni ba ne. Wasunsu ko gemu bai fito musu ba. Amma duk wanda ke zaune a benayen nan ya san abin da suke sayarwa, ya kuma san ba a haɗa ido da su. Daga tagar ɗakina nakan ga jikana ya sauko daga motar makaranta, su ƙwala masa kira daga can nesa, sunan nan nawa sun gutsure shi sun bar rabi, suna dariya suna tafa hannu da shi. Nakan ga kafaɗunsa sun miƙe. Yaron da ke shiga gidan ubansa kamar mai neman gafara, a gabansu tafiyar namiji yake yi.

Ba a daɗe ba makaranta ta koro shi gida na wasu kwanaki. An sami wuƙa a jakarsa, ta ɗaya daga cikin samarin ce ya ba shi ajiya. Uban bai ce masa uffan ba. Ya gaya wa uwar, uwar ta gaya wa yaron cewa babansa ya ce kada ya sake sauka ƙasa. Sai gidan ya zama daga ni sai shi tun safe har yamma.

A rana ta biyu na same shi a kan matakalar bene da littafi a hannu. Wata malamarsu ta Turanci ce ta cusa masa shi a jaka ranar da aka koro shi. Ƙaramin littafi ne mai bangon takarda, da hoton wani yaro ya rufe kai da hular riga yana jingine da katanga.

"Takwara, yau kuma karatu? Lafiya dai ko?"

Ya amsa da Turanci, kamar kullum, cewa wannan ba littafin tsofaffi ba ne.

"Ni da na koyar da Turanci tun ubanka bai san damansa da hagunsa ba?"

"Kaka, ba irin Turancinka ba," ya ce da Hausarsa mai ɗingishi. "Shafi ɗaya ba za ka gama ba."

Na karɓa, na sa tabarau, na ɗauko ƙamus ɗina da ya biyo ni tun daga gida. Na yi shekaru ina gyara rubutun 'ya'yan mutane da jan biro, amma a shafin nan na farko na tsaya cik. Jimloli ne guntu-guntu, wasu ba kai ba gindi, kalmomin kuma na san su ɗaya-ɗaya, amma a haɗe ba su nufin abin da na sani. Na karanta wani layi da ƙarfi, da irin furucin da aka koya mana, kowane harafi a mazauninsa. Yaron ya yi dariya har ya kwanta a kan matakala.

"Kaka, kamar mai karanta labarai a rediyo! Ba haka ake faɗa ba!"

"To, malam, a koya mini."

Haka muka fara. Bayan azahar shi zai karanta a bayyane, ya tsaya ya yi mini bayani, rabi da Turanci rabi da Hausa. Ni kuma in ce ya miƙe bayansa, ya daina haɗiye ƙarshen kalma. Yana ce mini tsohon hedimasta, ina ce masa ɗalibin da aka kora. Ko da ya koma makaranta ba mu daina ba, sai muka mayar da zaman bayan la'asar.

Labarin wani yaro ne a wani babban birni, uwarsa na aiki wuri biyu, ubansa na kurkuku. Manyan samarin unguwa suka ba shi aikin tsayawa a bakin layi ya yi fito idan ya hango 'yan sanda. Daga fito aka ba shi ajiya, daga ajiya aka ba shi aike. Da farko na ji haushin littafin ƙwarai, na ce wace irin malama ce ke ba yaro wannan. Da muka yi nisa na ga marubucin ba yabon daba yake yi ba. Duk wanda ya haska a farkon labarin, a tsakiya ya fara dusashewa. Na kuma lura jikana ba don nishaɗi yake karantawa ba. Yana karantawa ne kamar wanda ke tambayar inda hanyar da ya hau za ta ɓulle. Sai na riƙa yi masa tambayoyi a kan yaron littafin, alhali mu duka mun san wa nake nufi.

"Me ya sa bai ƙi karɓar ajiyar ba?"

"Ba a cewa a'a, Kaka. Idan ka ce a'a, ka zama ba kowa ba."

"Da can shi wani ne?"

"A wurinsu, e."

Wata rana muka zo babin da uban ke bugo waya daga kurkuku. Ana ba shi 'yan mintuna kaɗan, kuma kullum da sunan yaron yake farawa, ya maimaita shi, sannan ya tambayi makaranta. Jikana ya karanta wurin, ya kifa littafin a cinyarsa.

"Wannan ya fi ni," ya ce.

"Wanda ubansa ke ɗaure?"

"Shi yana kiran sunansa."

Ya gaya mini, yana kallon ƙasa, cewa tun da yake bai taɓa jin sunansa a bakin ubansa ba. Ko a asibiti aka tambaya, sai uban ya miƙa kati ya nuna da yatsa. Ya ce tun yana ƙarami yake neman abin da ya yi. Ya ɗauka ko don bai iya Hausa ba ne, ko don bai kai 'yan matan ƙoƙari a makaranta ba. Sannan ya ɗago ya ce, "Kaka, me na yi masa?"

Na yi masa bayanin al'adar daki-daki, yadda zan yi wa aji. Na ba shi labarin kakar ubansa da ƙosanta, da ƙanena da kekensa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "A Zariya ke nan." Ya ɗauki littafin ya shiga ɗaki.

Ban taɓa jin fushi irin na wannan yammacin ba. Shekara goma sha biyar yaro na neman laifinsa a cikin gida, manya biyu masu ilimi suna kallonsa, babu wanda ya zaunar da shi ya ce masa ga dalili.

Washegari ɗana ya ɗauke ni zuwa ganin likita. Muna tsaye a cunkoson Wendover na buɗe maganar. Na ce masa yaron nan yana zaton ka tsane shi. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu yana kallon motar gabansa.

"Baba, ku kuka rene mu a haka."

"Na rene ka a gidan da ke cike da mutane. Kai wa ka ajiye masa?"

"Ina ciyar da shi, ina tufatar da shi. Ba abin da ya nema ya rasa."

"Ya nemi abu ɗaya, yana samun sa a wurin masu baƙar mota."

Sai ya ce in yi haƙuri, ya riga ya kai maganar gaban Alhaji, shugaban ƙungiyarmu ta 'yan arewa mazauna garin, kuma an sa zama ranar Lahadi. Wato ya iya ɗaukar sirrin ɗansa ya kai wa bare, amma bai iya taka ƙofar ɗakin yaron ba.

Gidan Alhaji yana unguwar Irving Park, cikin manyan itatuwa, ciyawar ƙofar gida a daidaice kamar an aske ta da reza. Aka shimfiɗa mana darduma a babban falo, aka kawo shayi da kilishin da wani ya zo da shi daga gida. A wannan zaman ne aka yi maganganun da na fara da su. Bayan an gama dariya, Alhaji ya kawo shawarar da na fahimci an riga an dafa ta kafin mu zo. Akwai bikin 'yar ƙanwar surukata a Zariya bayan an rufe makarantu. Za a ce wa yaron uban zai tafi da shi biki. Idan sun sauka, a karɓe fasfo ɗinsa a ba wani kawu ya kulle, a sa shi makarantar kwana, uban ya dawo shi kaɗai.

Sannan ɗana ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya fito da littafin. A ɗakin yaron ya ɗauko shi. Alhaji ya karɓa da yatsu biyu, ya ɗaga shi kowa ya gani.

"Jama'a, ga irin abin da suke karantawa. A nan suke koyon dabar."

Na ce, "Wa ya karanta shi a cikinku?"

Wani ɗan'uwanmu daga zangon Kumasi, mutumin kirki ne a sauran al'amura, ya ce, "Malam, ai hoton bangon ma ya isa."

Na ce ni na karanta shi, tare da yaron, shafi bayan shafi, kuma a cikinsa ne na ji abin da ke damun jikana, abin da ba wanda ya tambaye shi a cikin masu zaman nan. Na faɗa musu abin da ya gaya mini. Na ce yaron da ke zaton ubansa ba ya son sa, za ku ɗauke shi da ƙarya ku jefar a ƙasar da bai iya harshenta ba, ku tabbatar masa da zatonsa. Na ce idan kun ga tafiyar ce maslaha, ku zaunar da shi ku faɗa masa gaskiya, ya yi kukansa a gabanku.

"Malam, ai ba ƙarya ba ce," in ji Alhaji yana murmushi. "Dabara ce. Bikin ai da gaske za a yi."

"Dawowar fa, da gaske za a yi?"

Sai suka yi mini abin da mutanenmu suka ƙware a kai, wato rufe bakin dattijo da girmamawa. "Allah Ya ƙara wa Malam lafiya." "Gaskiya Malam ya yi magana." "A ƙaro wa Malam shayi." Wani ya gyara mini matashin kujera. Alhaji ya ce duk abin da Malam ya faɗa abin dubawa ne, sannan ya juya ya tambayi ɗana ko fasfon yaron bai ƙare ba. Aka ɗaga hannu aka yi addu'a. Na shafa, domin addu'ar ta Allah ce, ba tasu ba. Na karɓi littafin daga kan tebur na sa a aljihuna, ba wanda ya hana ni.

A mota na ce wa ɗana, "Ko ka gaya masa, ko ni in gaya masa." Ya ce, "To, Baba." Irin to ɗin da ake wa tsoho a wuce wurin.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ci mini rai. Uwar ce ta sanar da yaron tafiyar, ta koma kicin ta kunna famfo don kada a ji kukanta. Yaron kuwa murna ya yi. Ya shigo ɗakina fuskarsa a sake, yadda ban taɓa ganin ta ba.

"Kaka, ni kaɗai zai tafi da ni. Ban da 'yan matan. Ni da shi."

Ya ce in koya masa gaisuwa yadda ba za a yi masa dariya ba. Ya riƙa durƙusawa a tsakar ɗakina yana maimaita ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yana tambaya ko hularsa ta zauna daidai. Ya daina tsayawa wurin baƙar motar. Yana ganin ubansa ya zaɓe shi ne a ƙarshe. Ni kuma ina zaune a bakin gado ina gyara masa gaisuwar da zai yi wa mutumin da zai kulle fasfonsa. Na ba ɗana lokaci. Kullum idan ya dawo sai in dube shi, ya kawar da kai.

Ranar Asabar da hantsi, saura 'yan kwanaki tafiyar, muna falo mu uku. Uwar ta fita da 'yan matan sayen tsaraba. Yaron na gwada sabon takalmi. Na ce masa ya zauna. Na gaya masa komai a gaban ubansa: zaman da aka yi, makarantar kwana, kawun da zai riƙe fasfo, da cewa tikitin dawowa na mutum ɗaya ne.

Bai dube ni ba. Ya juya ga ubansa ya tambaye shi da Turanci ko gaskiya ne. Ɗana ya dube ni, ba yaron ba, ya ce, "Baba, ku gaya masa don amfaninsa ne."

Ko a wannan lokacin ta bakin wani zai yi magana.

Yaron ya cire takalmin ya ajiye su a jere, ya zura tsofaffin, ya buɗe ƙofa ya fita. Bai buga ƙofar ba. Muka bi shi zuwa baranda. Baƙar motar na wurinta, samarin na jingine da ita. Suka hango shi, ɗaya ya buɗe ƙofar baya tun kafin ya iso. Yana tafiya a tsakiyar filin, ba sauri, ba waiwaye.

Na ce wa ɗana, "Kira shi."

Ya kama ƙarfen baranda ya ce, "Kai!"

Yaron bai ko rage tafiya ba.

"Kai! Da kai nake!"

"Ba kai aka raɗa masa ba. Kira sunansa."

"Baba, sunanku ne."

"Na fi shekara saba'in ina jin sa a bakin mutane, bai kashe ni ba. Ni ne mai sunan, ni ne ubanka, na ce ka kira."

Mutumin da ke ba ma'aikata umarni a sito duk yini, ya tsaya bakinsa a buɗe kamar ɗan aji ɗaya da aka tsayar gaban allo. Yaron ya kusa isa motar.

Sai ɗana ya kira. Da farko muryar ta fito ƙasa-ƙasa, ko ni da ke gefensa da ƙyar na ji. Ya sake kira da ƙarfi, cikakken sunan, yadda liman ya faɗe shi ranar suna, har ya amsa a jikin benen da ke fuskantarmu. Wata mata da ke sauke kaya daga motarta ta ɗago kai.

Yaron ya tsaya. Bai juyo ba. Samarin suka fashe da dariya, ɗaya ya kwaikwayi kiran yana jan wasalin, wani ya ce masa ya shigo su tafi. Yaron ya daɗe a tsaye tsakanin motar da benen. Ɗana ya kira na uku, wannan karon ba da ihu ba. Sai yaron ya ratse gefe, ya zauna a kan dakalin bakin filin, ya sa kai tsakanin gwiwoyinsa. Samarin suka jira kaɗan, suka yi masa wata magana da ban ji ba, suka rufe ƙofa suka ja motarsu.

Ɗana ya sauka ba takalmi. Ya je ya tsaya kusa da yaron, ya rasa yadda zai yi da hannuwansa, ya sa su a aljihu, ya fitar. Daga bisani ya tattara rigarsa ya zauna a kan dakalin, da ɗan rata a tsakaninsu. Na koma ciki na rufe ƙofa. Abin da suka faɗa wa juna nasu ne, ban tambaya ba.

Ba a yi tafiyar da yaron ba. Ɗana ya je bikin shi kaɗai ya dawo. Ba zan ce yaron ya zama waliyyi ba. Ya yi watanni ba ya yarda da maganar kowa a gidan, har da ni, domin ya ce na san abin na bar shi yana durƙuso a ɗakina. Samarin sun tare shi sau biyu a hanya, har sai da uban ya riƙa fita aiki a makare don ya raka shi bakin motar makaranta da kansa. Sun yi faɗa da uban, faɗa na gaske, da ɗaga murya, abin da a zamaninmu ba a yi. Na ji su ta bango ban shiga ba, domin a karo na farko da juna suke magana. Bai sake shiga motar nan ba. Yanzu yana shekararsa ta ƙarshe a sakandare.

Ni kuwa an hukunta ni yadda ake hukunta tsoho. Ana gaishe ni a masallaci da hannu biyu, amma ba a sake kirana zaman shawara ba. An ce Malam ya tona asirin manya a gaban yaro. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin da na ji ana bayarwa yanzu. A wani taron suna a unguwar Sedgefield, ina zaune, na ji Alhaji na gaya wa wani uba mai irin wannan damuwa cewa ya dubi jikan Malam: da aka nuna masa tikitin jirgi, tsoro ya kama shi, ya shiryu. Ya ce dabarar tana aiki ko ba a kai ga tafiya ba. Uban na gyaɗa kai. Na buɗe baki, wani ya ce a ƙaro wa Malam shayi. Ɗan mutumin nan yanzu yana wata makarantar kwana a gida, kuma an ce da sunan gaishe da kakarsa aka tafi da shi.

Saboda haka nake so a rubuta, a ajiye inda ba za a gyara shi da murmushi ba. Ba tikiti ne ya tsayar da jikana a tsakiyar filin nan ba, tikitin ne ma ya tura shi can. Ubansa ne ya tsayar da shi, da bakinsa, a gabana. Ranar ita ce Asabar ta ƙarshe a watan Yuni, da hantsi, a shekarar da yaron ya cika goma sha biyar.